Yadda Ƙuduji Ya Kai Zahara'u Birnin Kudu

Ranar kasuwar Gwaram Zahara'u ta fara ganinsa. Yana zaune kan buzu a gindin tsamiya, yatsunsa duk tawada, manoma sun jeru a gabansa, kowa riƙe da ƙullin ƙasa a ganye.

Zamanin da nisa, shekara talatin ko fiye kafin zuwan Turawa. Damina uku ke nan a jere ƙuduji yana cin dawa a kudancin ƙasar Kano. Ciyawa ce mai ɗan fure kyakkyawa, amma duk gonar da ta kama, sai dawa ta tsumbure ta ƙone a tsaye. Da abin ya ishi Sarkin Kudu, sai ya yi shawara da Sarkin Gwaram, aka yi shela a kasuwanni. Malaman fada sun duba littattafansu ba su sami magani ba, saboda haka ana roƙon duk mai gona ya zo ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya kawo ƙasar gonarsa da zangarniya ɗaya. Ba a tilasta kowa, ba kuma a biyan kowa. Abin da ido ɗaya bai gani ba, in ji fada, wataƙila ido dubu ya gani.

Wanda aka ɗora wa tattara bayanin shi ne wannan saurayi, Hadi, ƙaramin magatakarda daga Birnin Kudu, mai bin kasuwanni a kan jaki.

Zahara'u ta zo daga Kwandiko ne da man shanu, tare da ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Mairama, mai fataucin daddawa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Inuwar tsamiyar nan suka samu, don haka duk tambayoyinsa a kunnenta. Me ka shuka bana? Yaushe ka yi shuka? Ƙasarka jigawa ce ko laka?

Da ta ji ya maimaita su ga mutum na goma, sai ta karkata ta ce wa gwaggonta, a zatonta a hankali, "Malamin nan bana kawai yake tambaya. Ai ƙuduji da bara yake da magana."

Alƙalamin Hadi ya tsaya. Ya ɗago kai, suka haɗa ido, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga gyara faifan da ba abin da ya same shi.

Sai da jama'a suka ragu ya taso, ya gai da Gwaggo Mairama da ladabi, ya nemi izinin jin abin da 'yarta take nufi. Zahara'u ta yi bayani tana kallon ƙasa. A gonarsu, gefen da aka yi wake da auduga bara, ƙuduji kaɗan ya fito. Inda shanu suka kwana da rani ma haka. Amma inda aka bi dawa da dawa, nan ya yi gida.

"Mutum ɗari biyu na tambaya," in ji Hadi, "ba wanda ya ce mini tambayar ce gurguwa."

"Maza ka tambaya, Malam. Mu ke tsinkar wake, mu muka san inda ya kwana."

Ya yi dariya, ya ce to ga shi mata ba sa zuwa gindin tsamiyarsa. Ko za ta taimaka ta tambayo masa matan Kwandiko? Gwaggo Mairama ce ta amsa da alfahari cewa 'yar Malam Hambali ce, ta sauke Alƙur'ani, ajami kuwa a hannunta kamar ruwa. Nan take Hadi ya buɗe gafaka ya zaro fallen takarda biyu ya miƙa. Zahara'u ta karɓa da hannu biyu, ta lura ya bar mata shatar babban yatsansa a gefe. Har suka isa gida tana duba shatar nan a ɓoye.

Kaka ta wuce, rani ya shigo, Zahara'u tana bin gidajen Kwandiko ɗaya bayan ɗaya. Wasu matan suka yi mata dariya, wasu suka zaunar da ita suka ba ta labarin gonakinsu tun daga zamanin surukansu. Duk abin da ta ji sai ta rubuta da ƙananan baƙaƙe don kada takarda ta ƙare. Gwaggo Mairama ke tafiya da shi Birnin Kudu cikin kwandon daddawa, ta dawo da amsa, wadda kullum sai an shanya ta a iska kafin a iya kusantar da ita hanci.

Amsar farko gajera ce:

"Bayan gaisuwa. Bayaninki ya iso. Na ƙara tambayar bara, kuma mutanen Kiyako sun faɗi irin abin da kika faɗa. Allah ya saka da alheri. Hadi."

Ta huɗu ta ɗan fi tsawo:

"Malamata, na karanta takardarki sau uku. Sau ɗaya don aikin sarki, sau biyu don kaina. A cikin ƙunshin nan akwai tozali, na ga irinsa a kasuwa na ce idon da ya ga abin da fada ba ta gani ba ya cancanta."

Zahara'u ta kwana biyu ba ta amsa ba. A rana ta uku ta rubuta bayanin gonaki goma sha ɗaya, sannan can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa, ta ƙara:

"Mai Tawada, tozali ya iso. Inna ta tambaye ni abin da nake wa murmushi, na ce ƙuduji ne."

Kafin bazara Hadi ya zo Kwandiko da kansa. Da la'asar suka tsaya a ƙofar gida, Gwaggo Mairama na zaune nesa kaɗan tana kaɗi, kunnenta ɗaya a wajensu. Ya ce mata tun ranar kasuwar nan, duk garin da ya sauka, sai ya iske yana auna nisansa da Kwandiko.

"To yau nawa ka auna?" ta tambaya.

"Taku uku. Su ne suka fi ba ni wuya."

Ta sunkuyar da kai, ta ce ai ba ita ke da ikon rage su ba, mahaifinta yana zaure.

Malam Hambali mutum ne dogo mai ƙarancin magana, yana da garken shanu da gonaki, yana kuma koyar da karatu. Tun farko bai goyi bayan aikin fada ba, ya ce shi ba ya kai ƙasar gonarsa kasuwa a yi mata tambaya kamar ɓarawo. Da Hadi ya shiga neman auren Zahara'u, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ya miƙo hannuwansa. Ya juya su, ya duba tafin, ya sake su.

Ya ce ba shi da wani aibu da zai faɗa a kansa, amma hannun nan bai san fartanya ba. Wanda ke ci daga fada, ran da fuskar sarki ta sauya, da me zai ciyar da 'yar mutane? Ga Sabo nan maƙwabcinsu, rumbunsa uku, ya daɗe yana aiko da gaisuwa. Ba zai yi wa yarinya dole ba, amma shi dai ba ya ba da 'yarsa ga mai noma da alƙalami.

Zahara'u tana bayan zana tana ji. Sai ta ji muryar Hadi.

"Baba, gaskiya ka faɗa. Ina roƙon abu ɗaya. Ka ba ni aron gonarka da ƙuduji ya fi lalatawa, in nome ta da hannuna bisa abin da mutane suka gaya mana. In kaka ta yi, ka duba gonar, ka duba hannun."

Malam Hambali ya sake duban hannuwan Hadi. Sannan ya ce akwai wata a bakin tudu da ya yi niyyar bari ta huta, in yana da ƙarfin wahala, ga ta nan.

Hadi ya sami izinin fada ya mai da Gwaram masaukinsa, daga nan yake zagayen kasuwanni. Ya roƙi makiyayan Malam suka kwantar da shanu a rabin gonar har ruwa ya sauka, ɗaya rabin ya bar shi yadda yake don a ga bambanci. Da shuka ta yi, ya sa wake tsakanin kunyoyin dawa a rabin farko.

Noman fari ya kusa kashe shi. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, kunyarsa ta karkace kamar tafiyar maciji, matan da ke wucewa rafi suna toshe baki. Zahara'u ke kawo fura gona da hantsi, ta ajiye a gindin kanya ta koma gefe. Wata rana ta haɗo da ɗan man shanu a ganye ta ce na hannu ne.

"In na shafa, Baba zai ce ya yi laushi."

"In ba ka shafa ba, da me za ka rubuto mini?"

Ya shafa.

Malam Hambali kuwa ya ce ba ruwansa da gonar, sai dai kusan kullum hanyarsa ta zuwa garke takan bi ta bakin tudu. Ran da ƙuduji ya fara tsirowa, ya iske Hadi yana tuge shi yana watsarwa a kan iyaka. Dattijon ya wuce, ya yi taku biyar, ya kasa jurewa, ya dawo. Ya ce wa ya koya masa wannan? In ka jefar da shi a nan, ai ka yi masa shuka ke nan. Kafin furen ya bushe ake cire shi, a tara a rami a ƙone. Hadi ya saki fartanya ya ruga gindin kanya ya ɗauko gafaka, ya ce Baba ya maimaita a hankali. Malam Hambali ya yi tsaki, amma ya maimaita, har da ƙarin abin da mahaifinsa ya taɓa gaya masa.

Duk wannan a kan idon Sabo. Ba mugun mutum ba ne, amma shekara biyu yana ajiye zuciyarsa a ƙofar gidan nan, ga wani ya zo da jaki da alƙalami yana neman wucewa da ita. A tsakiyar damina, lokacin Hadi ya tafi Birnin Kudu kai bayani, Sabo ya dawo daga ta'aziyya a Kiyako, ya tare Zahara'u a hanyar rijiya.

Ya ce shi ba gulma ya kawo ba, tausayinta yake ji. A Kiyako akwai wata Barira, kowa ya san magatakarda yana aika mata takarda duk mako, in ya sauka garin a gidansu yake cin tuwo, har goro yake kai mata. Ya ji da kunnensa ana karanta mata wata, da “Malamata” aka fara.

Wannan kalma ita ta soke ta. Ta ɗauki tulunta ta wuce. A gida ta zauna ta yi ta tunani. Gari nawa yake zagawa? A kowanne akwai mai rubuto masa, ko mai faɗa a rubuta. Ashe ita ɗaya ce cikin jeri, an gano bakin zarenta da tozali don aikin sarki ya tafi daidai. Ta tuna man shanun da ta kai gona, kunya ta rufe ta.

Da Gwaggo Mairama za ta tafi, Zahara'u ta ba ta takarda mai layi biyu:

"Malam Hadi, aikin Kwandiko ya ƙare a hannuna. A nemi bayani wajen Barira ta Kiyako."

Kogi ya cika ya hana ƙetarewa kwana tara. A kwanakin nan Zahara'u ta rame, ta daina sa tozali, Inna Fatsuma mahaifiyarta tana kallonta ba ta tambaya. Gonar bakin tudu kuwa ba ta san an yi faɗa ba, rabinta ya yi duhu ya kai kafaɗa. Zahara'u ta ga furen ƙuduji ya fara buɗewa a ciki, ta ce a ranta ba ruwanta. Washegari da sassafe ta je ta tuge shi tas ta ƙone a rami, tana yi tana share ido, ta ce hayaƙi ne.

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, aka yi sallama. Ta leƙa ta zana ta ga Hadi a ƙasa yana jan jaki, ƙafafunsa duk taɓo. A kan jakin wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kanta fari fat, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, Gwaggo Mairama na biye tana dariya har tana dafa bango.

Aka sauke tsohuwar aka shigo da ita tsakar gida. Ta ƙanƙance ido ta dubi matan gidan, ta ce wace ce mai kishi da ita?

Ita ce Barira ta Kiyako. Damina saba'in da wani abu ta gani, ba gonar da ba ta san tarihinta ba a garinsu, jikanta ke karanta mata takardun magatakarda. Ta kama hannun Zahara'u ta ce, "'Yar nan, kwana biyu yaron nan ya jawo ni a kan jaki, ƙashina duk ya kwance. In kin bar shi, ni kam ina so."

Gidan ya kaure da dariya, har Inna Fatsuma. Zahara'u ta rufe fuska da tafuka ta gudu ɗaki.

Da la'asar ta fito ƙofar gida wajen Hadi. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafi kafin ta ce ya yafe mata, ta yanke hukunci ba ta ji ta bakinsa ba. Ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata ya raba suna ɗaya ga mutum biyu ba.

"Mutum ɗari bakwai suka ba ni bayani, Zahara'u, kowa na gode masa. Amma mutum ɗaya na yi wa noma."

Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko ba mayafi a tsakani. "Na cire maka ƙuduji ranar Talata," ta ce. "Ina fushi na cire."

"Na biya ta can, na ga ramin."

Sabo da ya ji yadda ta kaya, sai ya ɗauke ƙafa daga hanyar rijiya har wata guda. Daga baya ya zo da kansa ya ba Hadi hannu, ya rantse sunan kawai ya ji, bai ga matar ba, ya kuma kawo ƙullin ƙasar gonarsa ya ce a rubuta.

Kaka ta yi. Ba wani abin al'ajabi aka gani ba, ƙuduji bai ƙare ƙaf a gonar ba. Amma rabin da shanu suka kwana aka sa wake ya ba da dawa mai nauyi, ɗaya rabin kuwa kara ne kawai da 'yan zangarnu kamar wutsiyar ɓera. Mutanen Kwandiko suka riƙa zuwa suna tsayawa a kan iyakar suna duban dama da hagu.

Bayan mako biyu aka yi shela a kasuwar Gwaram da ta Birnin Kudu. Fada ta tara bakin jama'a, ga abin da ya fito: kada a bi dawa da dawa, a sa wake ko auduga a tsakani, a kwantar da shanu da rani, a tuge ƙuduji kafin furensa ya bushe a ƙone. Sannan mai shela ya shiga jero sunayen waɗanda suka fi ba da gudunmawa, gari gari, don jama'a su sa musu albarka. Da ya zo Kwandiko ya ce matan gari baki ɗaya, ta hannun Zahara'u 'yar Malam Hambali, da kuma Malam Hambali kansa, wanda ya koyar da ƙonewa.

Dattijon yana rumfar masu igiya a lokacin. Mutane suka juyo suna yi masa barka, ya ce shi fa bai ba kowa bayani ba, faɗa kawai ya yi wa yaro. Amma aka ga yana shafa gemu.

Da yamma ya aika a kira Hadi. Zahara'u na bayan zana tana saurare. Ta ji mahaifinta ya ce gonar ya gani, saura hannu. Da ya gama duba tafin Hadi, sai ya ce, "Kunyarka har yanzu a karkace take. Amma ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a a ƙofar gidan Malam Hambali, bayan an gama kai amfanin gona rumbu. Mutane suka zo daga Kiyako, daga Gwaram, daga ƙauyukan da Zahara'u ba ta taɓa jin sunansu ba, duk waɗanda suka taɓa zama gaban buzun Hadi. Mai kwandon wake, mai damin dawa, mai tulun zuma, har tsakar gida ta rasa wurin taka ƙafa. Matan Kwandiko suka yi wa amarya lalle suna waƙa, suna tsokanarta cewa ta tafi birni ta bar su da wa za su riƙa ba labarin gona. Ta ce ai an ce aikin bai ƙare ba, baɗi za a tambayi gero, su tanadi bakinsu.

Washegari da hantsi aka shirya rakiya. Inna Fatsuma ta rungume ta tana kuka tana dariya. Aka kai ta zaure ta durƙusa gaban mahaifinta, ango na gefe kansa a ƙasa. Malam Hambali ya ɗora hannu a kan mayafinta.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya, Hadi. Tana da ido, ka riƙa jin maganarta. Ke kuma yana da haƙuri, kada ki ƙure shi. Allah ya sa albarka a tsakaninku, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai, ya cika muku rumbu, ya sa ku tsufa tare kuna dariya."

Zaure ya amsa da amin. Dattijon ya miƙe da sauri ya ce bari ya duba shanu, ko da yake kowa ya san tun safe suka fita kiwo.

Aka ɗora amarya a kan doki, guɗa ta tashi, ayari ya kama hanyar Birnin Kudu. Da suka fita bayan gari Hadi ya rage tafiya har ya zo daidai da ita, ya tambaya a hankali ko kukan ya isa haka.

Daga cikin lulluɓi ta ce, "Saura kaɗan. Ka yi tafiya kusa da ni har in gama."

Ya kama linzami ya yi tafiya kusa da ita, har Birnin Kudu. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa mu ma mu dace da namu rabon.